Cinyar Gada a Agege

Rasaki ya iso daga Epe da asubar Asabar,
cinyar gada naɗe cikin ganyen ayaba.
Na ce, "Ka yanka?"
Ya ce, "Da bismilla, Alhaji, tana shure-shure."
Na biya shi, ban taya ba.

Shekara sha tara ina fiɗar shanu a Oko-Oba,
amma rabona da naman daji
tun ina riƙe wa mahaifina gorar ruwa,
yana gaba, ina taka sawunsa cikin raɓa.

Niyyata farfesu.
Ramlatu ta ce boga take so, irin ta Ikeja,
wadda ake miƙo wa mutum a kwali,
kuɗin guda ya yi mana cefanen kwana biyu.
Na ce gada ba ta yi wannan gudun duka ba
don ta ƙare tsakanin burodi biyu.
Ta ce, "Baba, tukunyar ma ba ita ta zaɓa ba."
'Yar shekara sha uku. Na ɗauko wuƙa.

Na zare jijiya, na ɗaye farar yanar nan mai sheƙi.
Naman ja wur, ya yi duhu kamar zoɓon da ya kwana,
ba kitse ko na shafa wa leɓe.
Wanda ya rayu da gudu ba ya ajiya.
Sai na yanko tozo, kashi ɗaya cikin huɗu,
na haɗa na makiyayi da na maharbi
a kan katako guda.

Injin Iya Basira tun safe yake markaɗen attaruhu,
ba zan kai masa gada ba.
Wuƙa biyu. Sara, sara, sara,
har telan ɗakin gaba ya tsayar da kekensa
ya leƙo ya ga wa ake yi wa kiɗa.

Albasa, citta, masoro, gishiri, ƙwai ɗaya.
Ramlatu na karantowa daga waya:
kada a cuɗa da yawa, zai yi tauri.
Uwarta ta ce a sa daddawa.
Waya ta ce babu.
Da yarinyar ta juya, rabin ƙulli ya shige.

Muka mulmula, muka faɗaɗa da tafin hannu,
muka dangwala babban yatsa a tsakiya
don kada ya kumbura ya yi mana girman kai a wuta.
Sai aka ɗauke lantarki. Sai ruwa ya sauko.
Na ja murhun gawayi bakin baranda,
kwata na ambaliya, hayaƙi na neman idona.

Na farko ya watse, ya koma dambu.
Sagiru ya cinye shaidar.
Na biyu na bar shi ya huta a kasko,
ban danna ba, ban tsokane shi ba,
juyi ɗaya tak,
ya fito da ɓawo mai ruwan ƙasa, cikinsa na tsatsafa.

Burodin Agege muka huda da gwangwanin madara
ya fita zagaye kamar na masu kuɗi.
Tumatir, albasa, barbaɗen yajin ƙuli.

Gidan haya ba ya riƙe sirrin kasko.
Ƙamshi ya bi ƙofa goma sha biyu yana sallama.
'Ya'yan Mama Ebere suka zo aron ashana,
su uku, ashana ɗaya.
Tela ya tuna yana da magana da ni.
Tara muka soya. Baki sha huɗu.

Rabi ya iso hannuna.
Na ciza: burodi, yaji, maiƙon tozo,
can ƙasa kuma, bayan na tauna,
ɗan ɗacin ganye, warin ƙasar da ba siminti,
da tarin mahaifina, wanda yake dannewa
idan nama ya kusa.

Ramlatu ta ce, "Ya fi na Ikeja?"
Na ce ban taɓa cin na Ikeja ba.

Ƙashin yana nan, na ɓoye shi a kula.
Gobe farfesu,
kuma ba wanda zan yi shawara da shi.